Wanda Ya Zuba Ruwa a Banɗakin Jirgi

Amina, Faruku, ku ajiye wayoyin nan ku karanta wannan da kyau, don a nan zan gyara wata ƙarya da kuka girma kuna faɗa, kuna dariya har da riƙe ciki. Duk shekara in an taru cin talotalo a bikin godiya na mutanen ƙasar nan, sai ɗayanku ya miƙe ya ba baƙi labarin yadda ubanku ya sayo banɗakin da ba a zuba wa ruwa, ya kafa shi da hannunsa a cikin jirgi, sannan shi da kansa ya ɗura masa ruwa har ya jiƙe takalman Alhaji Mamman. A masallaci akwai matasan da ba su san sunana Sani ba, Kyaftin Buta kawai suka sani, kuma in sun kira ina amsawa. To ba ni na zuba ruwan nan ba. Na daɗe ina riƙe da maganar, yanzu gwiwoyi sun fara ba ni sanarwa, gara in rubuta kafin in tafi da ita.

A shekarar da muka bar gidan haya na bakin titin Wendover a birnin Greensboro muka koma McLeansville, bayan gari, a ita kakanku ya zo. Ke Amina kina aji biyu, kai Faruku ko igiyar takalmi ba ka iya ɗaurewa ba. Ni kuma ina tuƙa motar ɗaga kaya a cikin wani ƙaton sito, daga safe zuwa la'asar. Kakanku, mahaifin mamanku, mutumin Yawuri ne, ya yi shekara arba'in a kan ruwa yana tsallakar da mutane da buhunan albasa daga wannan gaɓa zuwa waccan. Kakarku ta rasu, shi kuma ciwon nan na dattawa maza ya kama shi, mai sa mutum zagayawa sau goma kafin azahar, maganin da aka ɗora shi a kai kuma ya ƙara masa da lalacewar ciki. Mamanku ba ta huta ba sai da aka kawo shi nan. Likita ya ce za a iya shawo kan abin, amma sai an yi fiye da shekara ana magani ba yankewa.

Mutumin da ya saba da faɗin kogi sai ga shi a ɗaki, a kan kujera, yana kallon gonar maƙwabci ta taga. Ba ya zuwa suna, ba ya zuwa kanti, Juma'a ma sai da ya daina, don tsoronsa ɗaya ne, kada abin ya matsa shi a mota a tsakiyar babban titi, a gaban mutane. In ba asibiti ba, ƙafarsa ba ta taka waje. Wata uku a haka, wata safiya muka ga ya ɗauko jakarsa ya jera kayansa a ciki, ya ajiye ta a bakin ƙofar ɗakinsa. Ya fuskanci bango ya ce:

"A gaya ma mai gidan nan, bayan sallar layya za ni tahi gida."

Ina tsaye a wurin, tsakanina da shi bai fi taku uku ba. A Yawuri babu wanda ya rage da zai kula da shi, maganin kuma babu shi a can. Duk mun san abin da komawar take nufi, shi ma ya sani. Ranar mamanku ta buɗe famfon kicin ta bar shi yana zuba don kada a ji kukanta, ni kuwa na ji.

Dole in yi muku bayanin wannan magana da bango, ku da kuke shigowa ku ce mini "Hai Dad" kuna tauna cingam. Suruki ba abokin hira ba ne. Ban taɓa zama tabarma ɗaya da kakanku ba, ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. In na gan shi a falo sai in durƙusa in gaishe shi, in sulale ta ƙofar baya kamar wanda ya saci kaza. Shi ma bai taɓa kiran sunana ba. Mamanku kuwa 'yar fari ce, ita ma ba ya faɗin sunanta, ba ya sakin fuska da ita, "yarinyar nan" kawai. Manya uku a gida ɗaya, muna ƙaunar juna ƙwarai, amma duk maganar da za a yi sai ta bi ta bango, ko ta firji, ko ta labule.

Wata rana ina kai shi asibiti, yana baya ni ina gaba, muka hau wata 'yar gada a kan wani tafki. Ta madubi na ga ya miƙe zaune, ya bi ruwan nan da ido, ya juya wuya yana kallo har bishiyoyi suka rufe shi. Tun zuwansa ban ga ya juya wuya don wani abu ba. Abin ya zauna mini.

A lokacin ina yanke wa wani tsohon Bature ciyawa ran Lahadi a Sedgefield, Mista Howad. A gefen gidansa akwai jirgin ruwa irin mai tafiya da iska, yana kan tirela, an lulluɓe shi da tampol shekara da shekaru. Yana da ɗan ɗaki a ciki wanda mutum huɗu za su zauna in ba su yi faɗa ba. Matarsa ta tsani jirgin nan, ta ce ko shi ko ita. Da na tambaya, mutumin nan har rungume ni ya yi. Ya ce in ɗauka, kuma zai koya mini tuƙi kyauta. Ku tuna fa, ni Bakatsine ne, ruwa mafi girma da na sani tun ina yaro shi ne kududdufin bayan gidanmu, iyo kuwa har yau ban iya ba.

Wanda ke da motar da za ta ja shi a cikinmu Hausawan garin mutum ɗaya ne, Alhaji Mamman, mutumin Damagaram mai tura tsofaffin motoci gida, mai surka Hausarsa da Faransanci. Mutumin kirki ne, Allah ya sani, in ka kira shi zai zo ko yana cin abinci. Sai dai bakinsa ba shi da murfi. Abin da Alhaji Mamman ya ji da hantsi, kafin la'asar an ji shi a Yamai. Ya ja jirgin har tsakar gidanmu yana dariya tun daga Sedgefield.

"Bon, Malam Sani, teku za ka kawo McLeansville ko McLeansville za ka kai teku?"

Da yamma kakanku ya fito. Wallahi ya fito da ƙafarsa, ba wanda ya kira shi. Ya zagaya jirgin sau biyu, ya ƙwanƙwasa cikinsa da yatsa ya kasa kunne, ya shafa igiyoyin, ya ɗaga kai ya kalli dogon ƙarfen da ake rataya ƙyallen iska. Ya gaya wa tirelar cewa a tafkin Kainji su ma sun yi irin wannan, da buhunan fulawa da suka ɗinke. Zuciyata ta yi fari. Sai ya rage murya ya tambayi tayar tirelar:

"Wanga jirgi, akwai makewayi cikinai?"

Babu. Mista Howad ya cire na da, ya ruɓe, sai rami da bututu a wani lungu. Mamanku ta gaya wa tayar cewa babu. Kakanku ya gyaɗa kai, ya koma ɗaki, jakar nan kuma tana nan a bakin ƙofa.

Washegari na koma Sedgefield. Mista Howad ya ce kada in wahalar da kaina da mai tanki da famfo, wari ne da ɓacin rai, kuma a tafkin da za mu riƙa zuwa ba a yarda a zubar da komai a ruwa ba. Ya ce akwai wani sabon iri, busasshe, mai mayar da abin taki. Muka yi oda ya zo a kwali. Ga yadda yake, don ku fahimci abin da ya biyo baya. Kujera ce ta roba mai gida biyu. Na gaba gora ce, ƙaramar buƙata take karɓa. Na baya akwati ne da ake cika shi da garin ɓawon kwakwa, shi ke karɓar babbar, in an gama a juya wani hannu a gefe sau uku ya gauraya. Akwai 'yar fanka da bututu mai fitar da iska waje. In dai akwatin nan ya zauna a bushe, ba ka jin komai sai ƙamshin ƙasa. Mista Howad ya dafa kafaɗata, ya ce abu mafi wuya shi ne shawo kan maza su zauna, don ba a amfani da shi a tsaye. Na yi dariya na ce mu wannan tun muna yara aka koya mana, bai zame mana labari ba. Ya ji daɗi. Sai ya ƙara da cewa:

"Sai abu ɗaya, Sani. Ruwa. Ko kofi ɗaya kada ya shiga."

Na je mota na ɗauko butar da nake ajiyewa a but, na nuna masa, na yi masa bayanin tsarki iya yadda Turancina ya kai. Bawan Allah ya cire hularsa ya sosa kai ya daɗe. A ƙarshe muka yanke shawarar a ajiye roba mai murfi a gefe, in an gama da kujera a matsa kan roba a yi tsarki, in an dawo tudu a zubar. Dabara ce mai kyau, abin da take buƙata kawai a yi wa mutum bayani.

Kafa shi ya ci mini mako biyu da fatar yatsu uku. Lungun ƙarami ne, in na zauna gwiwata ta hana ƙofa rufuwa, in ƙofa ta rufu kaina ya daki rufi. Na ɗaure shi da kusoshi, na kwance, na sake ɗaurewa. Ɓawon kwakwar a matse yake zuwa kamar bulo, sai an jiƙa shi kaɗan ya warware. Na jefa guda biyu a babbar robar da mamanku ke kwaɓa fanke, na tafi sallah, na dawo na tarar ya kumbura ya cika robar ya zubo ƙasa. Abin da ta faɗa mini ranar ba zan rubuta ba, tunda jikoki za su karanta. Sannan na kwashe yini guda da kamfas a hannu ina juya kujerar don kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Na gama, na kira ta ta ga aiki, ina jiran yabo. Ta leƙa, ta dube ni.

"Baban Amina, shi jirgin a tsakar gida zai yi ta zama? In ya hau ruwa ba ya juyawa?"

Na mayar da kamfas aljihu, na ce Allah ya ga niyya.

Ran Asabar-Asabar Mista Howad yana kai ni tafkin da ke arewacin gari yana koya mini. Na koyi ɗaga ƙyalle, na koyi riƙe sandar tuƙi, na koyi sunkuyar da kai bayan ƙarfen ƙasan ƙyallen ya koya mini sau biyu a ƙeya. Tsayawa ce ban taɓa iyawa ba, kullum sai na daki katakon gaɓa. Sallah saura mako uku Mista Howad ya ce na isa in fita ni kaɗai in iska ba ta da ƙarfi. Aka gaya wa labule cewa an sa makewayi a jirgi. Labule ya amsa da cewa to, Allah ya kai mu Asabar.

Saura bayani. Nan fa ake yin ta. Na ce wa mamanku ta je ta gaya masa.

"Ni? In buɗe baki in gaya wa Baba yadda zai zagaya? Kai ka sayo abinka."

"Ubanki ne fa."

"Surukinka ne fa. Kai ne namiji."

Na je. Na durƙusa a ƙofar ɗakinsa, na tambayi kwana, na tambayi gajiya, na tambayi jiki, na tambayi sanyi alhali ana zafi, na sake komawa kan kwana. Da gaisuwa ta ƙare na ce, "To Baba, a huta lafiya," na tashi. Washegari na sake, har na kai ga cewa, "Baba, shi wannan jirgin," ya ce, "Na'am," na ce, "yana da kyau." Ya ce lalle yana da kyau. Alhaji Mamman zai iya faɗa masa cikin minti ɗaya, amma gaya wa Alhaji Mamman daidai yake da sanarwa a lasifikar masallaci, kuma ciwon kakanku sirri ne. A ƙarshe na saka buta a cikin robar tsarki, na ajiye su a gefen kujera yadda mai hankali zai gane. Na zana buta a takarda, na ja mata jan layi biyu, na manna a murfin. Mamanku ta duba zanen ta ce an hana agwagwa shiga ke nan. Na ce ta bar ni da abin da ke damuna.

Asabar ta zo, muka kai ku gidan maƙwabciyarmu Anti Balki. Alhaji Mamman ya iso da motarsa, ya ce tunda shi ke ja, shi ma sai ya hau. Muna ɗaura tirela na ja shi gefe na yi masa bayanin kujerar, ban ambaci kakanku ba. Ya sha farar shadda da sababbin takalman fata masu tsini, ya riƙo butar shayi da kofuna kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ba mu yi minti goma sha biyar a kan ruwa ba fuskarsa ta canza. Ya cire takalman ya kai su ƙasa cikin ɗaki don kada ruwa ya fantsamar musu, ya rarrafa can gaban jirgi ya kwanta, ya rufe fuska da rawani yana kiran sunayen Allah.

Kakanku kuwa ya zauna a gefe, ya saki hannunsa a cikin ruwa, yatsunsa suna jan layi. Na saci kallonsa na ga gemunsa yana rawa. Mamanku ta juya baya tana gyara kular abinci wadda ba abin da ya same ta. Ni kaina idona ya cika, na ce iska ce.

Can ya tashi ya sauka ƙasa. Ya fito lafiya. Bayan ɗan lokaci ya sake sauka, ya fito. A karo na uku ya daɗe, sai ga shi ya fito riƙe da robar tsarkin nan, babu komai a ciki. Ya sunkuya a gefen jirgi da ƙwarewar wanda ya yi shekara arba'in yana yi, ya kamfato ruwa fal, ya juya zai sauka. Jama'a, ina gani. Hannuna yana kan sandar tuƙi, bakina a buɗe, kalma ɗaya ce tsakanina da tsira, amma ta ƙi fita. Na dubi mamanku, ta ɗaga kai tana nazarin gajimare. Ya sauka, muka ji shaaa. Ya dawo ya ƙara kamfato ta biyu. Bawan Allah ya nemi inda ake danna ruwa bai gani ba, shi kuma ba mutumin da zai bar wa surukinsa ƙazanta ba ne. Ya fito ya zauna da fuskar baƙon da ya bar wuri tsaf.

Minti biyar ba abin da ya faru, har na fara cewa ko Allah ya rufa asiri. Sai iska ta taso daga yamma ta cika ƙyallen, jirgi ya kwanta gefe guda. Daga ƙasa muka ji wani sauti kamar an kifar da tukunyar kunu. Sannan wari ya hawo matakala, ya gaishe da kowa.

Karkatar ce ta tayar da Alhaji Mamman. Ya rarrafo ya ce zai ɗauko maganin jiri a aljihun jakarsa, ya sauka. Ba mu hana shi ba, don ba wanda ke da bakin magana. Ihun da ya yi, na tabbata masu kamun kifi a ɗaya gaɓar sun ji.

"Innalillahi! Takalmana! Wa ya yi wannan ta'asa?"

Ya fito riƙe da takalmi ɗaya da yatsu biyu, bakin shaddarsa ya koma ruwan ƙasa, garin kwakwa yana ɗiga. Ya bi mu da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ka ce mini abin nan ba ya shan ruwa ba? Wane mara hankali ne ya mayar da shi rijiya?"

A karo na farko a rayuwata na kalli fuskar kakanku kai tsaye. Ya gane. Na ga lokacin da ya gane, fuskarsa ta zube, hannunsa ya tafi kan hularsa, ya buɗe baki zai yi magana, don shi ba ya ƙarya ko da wasa. Ni kuwa abin da na gani a idona jakar nan ce ta bakin ƙofa. In ya ce shi ne, kafin magariba duk Hausawan Greensboro sun ji cewa dattijon Yawuri ya ɓata jirgi, sun ji sau nawa ya zagaya, sun ji dalili. Ba zai jira sallah ba ma.

"Ni ne," na ce.

Alhaji Mamman ya saki baki.

"Kai? Kai da ka kafa shi? Kai da ka cika mini kunne da bayani tun daga gida?"

"Sabo ne, Alhaji. Hannu ya riga tunani. Kana kwance na sauka."

"Roba nawa?"

"Biyu."

Ya dube ni, ya dubi takalmin, fushi da dariya suka yi kokawa a fuskarsa, dariya ta yi nasara. Ya zauna daɓas yana buga cinya yana cewa wala, ga kyaftin, ga kyaftin buta. A nan sunan ya samo asali, ban ma sauka daga jirgin ba. Raina ya yi ɗaci, ba zan ɓoye muku ba, don na san bakin da sunan ya faɗa.

Dole wani ya sauka ya kwashe, kuma ba wanda zan ba sandar tuƙi. Na ce, "Baba," ban ƙara komai ba. Ya matso ya ɗora hannunsa a kan sandar, gefen hannunsa ya taɓa nawa. Na sauka da safar hannu da leda da tsumma. Abin da na tarar a ƙasa na bar wa kaina, ko maƙiyina ba na yi masa fatan gani. Ina durƙushe ina kwasa sai na ji jirgin ya miƙe, ya daina tangaɗi, ya kama tafiya sumul, ruwa yana wucewa ta gefensa da wata 'yar ƙara mai daɗi wadda ban taɓa ji ba a hannuna ko a hannun Mista Howad. Sai na ji murya a sama, babbar murya, wadda ban san kakanku yana da ita ba.

"Alhaji, aje takalmin ga ka ja igiya! Ba wagga ba, waccan! Ja da ƙarhi, ba ka ci tuwo ba?"

Na ji Alhaji Mamman yana cewa dakor, Baba, dakor. Na ji mamanku ta tuntsire da dariya a gaban mahaifinta, abin da ban taɓa ji ba tun aurenmu. Na zauna a cikin ƙazantar nan ina murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Da muka iso gaɓa, ya kawo jirgin ya jingina shi da katako a hankali, ko ƙwai aka sa a tsakani ba zai fashe ba.

A mota ba wanda ya yi magana sai Alhaji Mamman, wanda ya tuƙa mu ba takalmi, yana gwada yadda zai ba da labarin. Muna isa gida kakanku ya shige ɗaki ya rufe ƙofa, abincin yamma ma bai taɓa ba. Na ce shi ke nan, na ɗauki suna a banza, kunyar da na so in tare masa ta riga ta shige shi.

Da safe ina tsakar gida, na sauko da kujerar na warware ta a kan ciyawa ina wankewa da tiyo, sai na ji takun silifa a bayana. Na durƙusa zan fara gaisuwa, ya ɗaga hannu. Ya jawo bokiti ya kifa ya zauna a kai, kusa da ni. Ba bango, ba labule, ba taya. Ya ce:

"Sani."

Tiyon ya faɗi daga hannuna. Shekara goma sha ɗaya da auren 'yarsa, ranar na fara jin sunana a bakinsa.

"Nuna mini yadda a ka yi."

Na nuna masa. Ina kallon gabas yana kallon yamma, zufa tana keto mini, amma na faɗi komai, gora da akwati da hannun juyawa da robar tsarki. Ya ɗebi garin kwakwar ya murza a tafinsa ya sansana.

"Ashe taki na. Da ka ce mini taki na, ai da na gane. Wa ka zuba ma taki ruwa?"

Na ce laifina ne, Baba. Ya dubi jirgin. Sannan ya ce abin da na yi jiya ya gani, kuma ba ya son a ɗauki kayansa a ɗora wa wani, zai je ya gaya wa Alhaji gaskiya. Na ce in ya yi haka ya ɓata mini wahalata, sunan ya riga ya bi gari, kuma ya fi dacewa da ni. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya ɗaga kai ya dubi saman bishiyoyi.

"Assabar mai zuwa iska za ta hi kyau. Amma kai ba ka iya tsayawa ba. Sai an yi watanni ana koya maka."

Ya koma ciki. Da azahar mamanku ta fito ta same ni, idonta jawur, ta kama hannuna ta kai ni ƙofar ɗakinsa. Jakar ba ta nan. Tana saman kabad, babu komai a ciki, rigunansa kuma suna rataye.

Ya gama maganinsa. Ya koma zuwa Juma'a, don ya ce wanda ya iya da jirgi zai iya da mota. Duk Asabar ɗin da ruwa bai daskare yatsu ba muna tafki, shi a kan sanda, ni a kan igiya, yana yi mini faɗa da sunana. Shi ya karɓi kula da akwatin, bai yarda kowa ya taɓa ba, in ya cika ya kai bayan gida ya binne a gindin bishiyar nan da kuka ɗaura lilo. Tsayawa kuwa har ya bar duniya ban iya ba, ko kuma shi ya ƙi yarda na iya. A makonsa na ƙarshe ya ce in ya tafi in gaya muku gaskiya, kada ku yi ta yi wa ubanku dariya a kan abin da bai yi ba. Na ce to, na kuma yi ta jinkiri har yau, don ni ban gaji da sunan ba.

Yanzu kun sani. Kada ku je ku gyara wa Alhaji Mamman labarinsa, tsufa ya kama shi, kuma ba shi da labarin da ya fi wannan. In an taru cin talotalo ku ci gaba da kirana Kyaftin Buta, zan amsa. Mako uku suka rage wa kakanku a gidan nan ranar da aka raɗa mini sunan, ya zauna shekara bakwai.